Ƙwallon Dabino a Faifan Inna

Sati biyu ke nan iskar zafi take kaɗawa a unguwarmu ta Utaibiyya, nan Makka, irin wadda in ka taɓa ƙarfen ƙofa da hantsi sai ka yarfe hannu. Ni dai ina ɗaki, na'urar sanyi na ta gurnani a kaina, ƙafafuna bisa matashi. Jikana Faisal kuwa tun bayan la'asar ya zo ya baje a kujera, waya a hannu, wai ana zaɓen fid da gwani na masu neman shugabancin ƙasa can gida. Mutum ya ba arba'in baya, Hausarsa ba ta isa sayen gyaɗa ba, ƙasar ma sau ɗaya ya taɓa taka ta, amma sai zabura yake kamar gonar ubansa ake rabawa.

"Ya Sitti," wato kaka da Larabci, "an kira Jigawa! Halas, mutuminmu ya ɗauka. Saura Kaduna."

"Yaushe aka yi?"

"Yaushe kuma? Dahin, yanzu-yanzu. Ga shi ina gani."

 Mu ma mun taɓa bin zaɓe lardi-lardi a garin nan, cikin zafi irin wannan, da azumi a baki. Sai dai namu labarin da ƙafa yake zuwa.

Ina da shekara goma sha uku a lokacin. Muna zaune a Misfala, can saman dutse inda mutanenmu suka kakkafa ɗakuna da garewanin kananzir da aka fasa aka miƙe. Baba ɗan ga-ruwa ne, a nan sagga ake ce musu. Sanda a kafaɗa, garwa biyu, daga bazan, wato wurin ɗibar ruwan unguwa, zuwa gidajen masu hali. Ruwan gidanmu kuma ni ke ɗebowa, don shi in ya dawo ba ya ko son ganin garwa. Inna tana toya gyaɗa ina kai mata talla. Ni a nan aka haife ni. Yayana Sale ne kaɗai ya zo da su daga gida yana ƙarami, ya girma a nan, ya iya ɗinki da karatu, sannan ya raka wani kawunmu ƙasar Kano don ya ga kakarmu. Wata shida aka ce. Shekara huɗu ta wuce bai dawo ba.

Sale ɗan fari ne, Inna kuwa mace ce ta da. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "wancan". Ko ana hirarsa sai ta kau da kai ta kama wani aiki. Ni da na tashi cikin 'ya'yan Larabawa, masu kiran uwa da sunan ɗanta na fari a tsakiyar kasuwa, abin haushi yake ba ni. Ina ganinta tana ramewa saboda shi, amma ko kashe ta za a yi ba za ta buɗe baki ta ce yana ina ba.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar zafi. Ruwa ya ja baya a bazan, sai ka kai garwa tun da asuba ka aje a layi, ka dawo da hantsi ba ta matsa ba. Ɗakinmu kuwa da rana ta ɗaga ba ya shiguwa, garwar bango har ƙara take tana miƙewa. Inna ga kumburin ƙafa, ga numfashi sama-sama. Baba ya ce ta sha, malamin unguwa ma ya ce Allah ya yi mata rangwame. Ta ce ita ba ta taɓa shan azumi a garin Makka ba, ba kuma bana za ta fara ba.

Kullum ga yadda muke. Bayan sahur Baba ya fita da sandarsa. Ni in kai garwa layi, in dawo in ɓare gyaɗa. Da rana ta take, sai in jiƙa tsohon zane da ɗan ruwan da ya rage in lulluɓa wa Inna, kafin in juya ya bushe ƙayau. Daga nan har la'asar ba motsin kowa. Ba kuka, ba tari, ko kuda ba ya tashi. Unguwa guda ta yi tsit kamar an kwashe mutanen cikinta. Sai la'asar ta yi sanyi a ji turmi, a hura wuta, a dama kunun gyaɗa, a jera tuluna a bakin ƙofa su sha iska, kowa ya kasa kunne yana jiran igwar shan ruwa.

Watan ne kuma masu zuwa hajji ta ƙasa suke isowa. Su baro gida a mota, su yi wata tafiyar a ƙafa, su tsaya a Sudan su tsinci auduga, sannan su ƙetaro ruwa. Wata bakwai, wata takwas, wani shekaru. Al'adarmu ce duk gidan Bahaushe ya ɗauki baƙo ya sha ruwa da shi. Su ne jaridarmu. A bakinsu muka fara jin wai Turawa sun kawo wani sabon abu, zaɓe, kuma hawa-hawa ake yinsa: unguwa ta fid da mutum, waɗanda aka fitar su taru su fid da wasu, kowane lardi da lokacinsa. A hawan farko ba takarda ba komai, mai nema ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa a ƙirga su.

Baƙonmu na farko Bazazzagi ne, wani manomi mai fara'a. Da igwa ta tashi muka ci dabino, muka sha ruwa, sai na ji Inna daga bayan labule ta ce, "Alhaji, wannan zaɓen da ake faɗa, a Zariya wa ya ci?"

Na saki baki. Inna da zaɓe! Matar da ko sunan mai unguwarmu ba ta damu ta sani ba.

"Ai Hajiya, a cikin gari samarin nan masu neman sauyi ne suka yi sama. Akwai wani a cikinsu, dogo, Ɗan Makka ake ce masa. A keke yake yawo gari-gari, da wata ƙararrawa tasa, ƙililin-ƙililin, yara na bin sa. In ya hau magana har Larabci yake sakowa, yalla, yalla!"

"Yayana ne!" na ce, har ina zubar da kunu.

"Abu, rufe mana baki," in ji Inna. Ta kau da kai tana fifita, amma maficin ya tsaya a hannunta. A nan na gane. Ashe wata maƙwabciya ce ta tsegunta mata cewa wancan ya shiga harkar. Kunya ta hana ta tambayar ɗanta, ba ta hana ta tambayar Zariya ba.

Baba bai yi murna ba. Ya dubi baƙon ya ce, "Wane wata kuka baro gida?"

"Bayan Babbar Sallah da kwanaki."

Na ga yatsun Baba suna motsi a ƙarƙashin riga, yana lissafi. Da baƙo ya tafi Inna ta sa na tsinto ƙwallon dabinon da ya ci, ta aje shi a gefen dama na wani tsohon faifai. Ta kuma zaɓi dabino guda mai kyau ta aje a tsakiya, ta ce wannan na Kano ne, kada wanda ya taɓa.

Akwai abin da na lura da shi game da Baba tun watan Sha'aban, ban dai ba shi muhimmanci ba. Mutumin da da ya shigo gida hula yake fara jefarwa, yanzu ya daina cire ta. A cikin wannan wuta, ya kwanta da ita, ya tashi da ita, gumi ya yi mata zobe fari. In zai yi alwala sai ya juya mana baya. Na ce masa in wanke, ya daka min tsawar da bai taɓa yi min ba.

Kwana biyu bayan Bazazzagin, da rana tsaka, ina cikin jiƙa zane Inna ta riƙe hannuna.

"Abu, kin ji?"

"Me?"

"Ƙararrawa. Can gindin dutse."

Na kasa kunne. Ba komai sai ƙarar garwar bango. Na ce mata ƙishirwa ce, ni ma kunnena kan yi haka. Kuma wane keke ne zai hau dutsen Misfala, inda jaki ma sai an tura shi? Ta sake ni.

Daga nan Inna ta hana Baba sakat. Da ta ji an ce wasu sun sauka, sai ta ce, "Malam, an ce Katsinawa sun iso. Ba a bar baƙo ya sha ruwa a titi ba." Shi kuma ya tafi kamar wanda ake ja da igiya. Bakatsinen ya zo ran goma ga wata. A wajensu an kayar da samarin, in ji shi, manya sun fi ƙarfinsu. Ɗan Makka kam ya gan shi da idonsa, ruwan ƙarshen damina ya yi masa duka a hanya, muryarsa ta dushe, yana magana yana tari, amma bai fasa ba. Su a watan Cika-ciki suka taso. Yatsun Baba suka sake motsi. Inna ta aje ƙwallo a hagu ta ce, "Haka Allah ya so."

Washegari ta ce ƙararrawar ta iso wajen bazan.

Tsakiyar watan nan ban taɓa ganin zafi irinsa ba, har yau. Wani sagga abokin Baba ya faɗi da garwa a kafaɗa, ba a kai shi inuwa da rai ba. Tsuntsayen Harami suna sauka a bakin tulu baki buɗe, ko an kore su ba sa tashi. Leɓena ya tsage, harshena kamar tsumma. Gyaɗar ma ba mai saye, wa zai ƙara wa kansa ƙishi? Kunun ya koma tsararo, dabino uku-uku. Ni kuwa duk wannan bai dame ni ba kamar tsakar rana, in ga Inna kwance ido buɗe, kanta a karkace wajen ƙofa, tana sauraren abin da ba na ji. Tsoro nake ji ƙwarai, in rasa wanda zan gaya wa.

Mutumin Bauci ya zo ran sha tara. Tsoho ne, ba ya son magana. Ya ce a garinsu kusan kunnen doki aka yi, amma samarin sun haye. Ɗan Makka ya zo, i. Wani ne ke tura masa keken. A zaune ya yi magana, bisa turmi, wani na maimaita wa jama'a.

"Wane wata kuka baro?" in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Safar."

Wannan karon bai yi lissafi ba. Ya tashi ya fita, ko kunun bai taɓa ba. Ni sakarya har da tsalle, dama biyu, hagu ɗaya, saura gida. Inna ta daɗe da ƙwallon a tafin hannunta kafin ta aje shi.

Sau ɗaya na ji ƙararrawar nan, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ran ashirin da uku ne, rana ta raba tsaka, Baba ba ya nan. Ƙililin-ƙililin, sau biyu, daf da bangon da kan Inna yake. Ba irin ƙarar da kunne kan yi ba ce, don wannan tana da wuri, na san daidai inda ta fito. Na fita ba takalmi, dutse na cin ƙafata, na zagaya bayan ɗaki. Ba kowa. Lungun fayau, fari fat da rana, har ƙasa. Da na dawo Inna ba ta tambaye ni abin da na gani ba, sai ta ce in sa ƙafata a ruwa.

Ran ashirin da bakwai garwata ta kai gaba da azahar. Ina tsugune ina jiran ta cika sai wata mata ta zo, ƙafafunta duk faso, da ƙullin kaya a ka. Ta ce don Allah ko na san gidan Malam Garba ɗan ga-ruwa, mutumin garinsu ne, jiya suka sauka. Na ce ni 'yarsa ce. Sai ta sauke kayan, ta kama hannuwana biyu.

"Ke ce ƙanwar Sale? Allah sarki. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ai tun a Mauludi aka rubuto muku."

Ruwa ya cika garwa yana zuba, na baya suna yi min ihu, ni ban ji ba. Ban san yadda na hau dutsen nan ba. Matar, Goggo Hansatu, tana bina a baya tana salati, don ta gane ta yi ɓaranɓarama. A bakin lungunmu muka ci karo da Baba. Ya dube ni, ya dube ta, ya ɗora hannu a kan hularsa.

"Sun iso ke nan," ya ce.

Ba tambaya ya yi ba. A tsaye a nan cikin rana ya gaya mana. Wasiƙar ta gidan waya ta zo, ta riga masu ƙafa da wata biyu. Ya dubi Inna da numfashinta ya ga in ya faɗa, biyu zai rasa. Ya ce bari ta gama azumi. Bai san za ta riƙa aika shi yana kwaso mutanen da suka baro Sale da rai ba, kowane ya fi wanda ya riga shi kusa da ranar mutuwar. Wata guda yana zaune yana jin ɗansa na tahowa gari-gari, ya kuma san inda hanyar ta ƙare.

"Hansatu, kwana uku ya rage. Ki rufa min asiri."

"Malam, da azumi a bakina, a garin nan, ba zan yi ƙarya ba."

"Ban ce ki yi ba. Ba za ta tambaye ki shi ba, ɗan fari ne. Zaɓe za ta tambaya. Ki tsaya a nan."

Na wanke fuskata da ruwan da ya kamata mu sha. Na dama kunu, na jera dabino. Inna ta tashi zaune, ta sa aka ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, ta jawo faifai kusa. Ita da Goggo Hansatu suka gaisa, aka tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya, wane da wance, aka tsallake mutum guda. Igwa ta tashi. Muka sha ruwa.

"Hansatu, a garinmu wa ya ci?"

"Shi ya ci, Yaya. Layinsa har bakin kasuwa. Ban taɓa ganin taro irinsa ba."

Baba ya sauke numfashi. Ni ma na ce shi ke nan, mun tsira. Inna ta ɗauki dabinon nan na tsakiya tana juya shi.

"A tsaye yake?"

 Can ƙasa ana ta kiran salla.

"A Zariya yana kan keke," in ji Inna, a hankali, kamar mai karanta wa kanta. "A Katsina yana tari. A Bauci bisa turmi. Hansatu, a gida a kan me yake?"

Goggo Hansatu ta dubi Baba, hawaye na zuba. "A kan gado aka fito da shi, Yaya. Ya ce sai an kai shi. Aka aje gadon a gaba, jama'a suka yi layi a baya. Da aka gama ƙirga aka zo gaya masa ya ci, sai aka tarar..."

Ba ta ƙarasa ba. Inna ta yi salati, ta yi innalillahi sau uku. Na matsa kusa ina jiran ta faɗi, ba ta faɗi ba.

"Tun ran ashirin da uku ƙararrawar ta daina," ta ce. Sannan ta juya wajen Baba. "Malam, cire hular nan ka sha iska. Shekara talatin ina wanke ta, ka zaci ban san ranar da ta ƙara nauyi ba?"

Baba ya cire. Wasiƙar da ke ɓoye a ciki ta manne da gumi, tawadar ta yi jirwaye. Ya fashe da kuka irin na yara, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Me ya sa ba ki ce komai ba? Me ya sa kika yi ta aike na?"

"In ka karanta min tun a Sha'aban, layi biyu ne, shi ke nan. Ban ga tafiyarsa ba, ban yi jinyarsa ba. Na ce bari in raka shi, ko a bakin mutane ne, har ya isa gida."

Ta aje dabinon a gefen dama, ba ta ci ba. Ta shafa shi da yatsa ɗaya.

"Sale," ta ce. "Salena."

Shi ne na farko da na ji sunan a bakinta, shi ne kuma na ƙarshe. Ta ƙarasa azuminta cif, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, har sai da ta binne Baba. Faifan yana cikin akwatinta ranar da muka buɗe, ƙwallo uku da wani abu baƙi ƙanƙararre a gefe.

Ɗazu bayan magariba Faisal ya yi tsalle har wayar ta kusa faɗuwa. An kira jiha ta ƙarshe, mutuminsu ya lashe. Ya durƙuso ya kawo min ita daf da hanci, wai in ga alƙaluma, ni da ko fuskarsa da ƙyar nake gani.

"Ya ci, ya Sitti! Mabruk!"

Na ce, "Madalla. Duba min da kyau, a tsaye yake?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Amma ban bar shi ba sai da ya duba.